Fitilar Iya a Ƙasa Take

Ni fa ban iya zaɓen fitila ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Shekara goma sha tara ina aikin jinya, abin da na sani game da haske shi ne ya zama fari tas, yadda zan ga jijiyar hannun jariri in soka allura sau ɗaya ba tare da na sa uwarsa kuka ba. Saboda haka da aka ba ni ɗaki biyu da falo a rukunin gidajen ma'aikata a Gashua, sai na sa aka jera min fararen ƙwayayen fitila shida a silin, irin na sola. In na danna makunni, ko ƙwayar gero ce ta faɗi a kan kafet sai na tsince ta. Haka na zauna shekara biyu hankalina kwance, har Baba ya zo.

Mahaifina Malam Sabitu ne, amma duk Nguru ba a san shi da wani suna ba sai Sabitu Mai Fitila. Tsohon ma'aikacin reluwe ne. Aikinsa a tasha shi ne wanke gilasan fitilun hanya, da datse lagwani, da zuba kananzir, ya kunna su kafin jirgin Kano ya iso. Iya, mahaifiyata, ta rasu bara da azumi, ƙannena maza biyu ɗaya yana Fatakwal ɗaya yana Abuja, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Sai da ya zame a banɗaki ya kwanta a ƙasa tun azahar har bayan la'asar, maƙwabta suka ji shiru suka leƙo, sannan ya yarda zai biyo ni Gashua. Amma da sharaɗi: wata ɗaya. In watan ya cika bai ji daɗin zama ba, zai koma gidansa, kuma kada wanda ya sake tayar masa da maganar. Ni na san hawan jininsa, na san ƙafarsa ta hagu. In ya koma gidan nan shi kaɗai, faɗuwa ta biyu ba lallai a leƙo a kan lokaci ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ni ce 'yar fari, kuma Baba mutumin da ne na ainihi. Kunyar ɗan fari a wurinsa ba wasa ba ce. Shekarata arba'in da uku, ban taɓa jin ya kira sunana Yagana ba. Bai taɓa kallon tsabar idona ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. In yana son ruwa sai ya ce wa Iya, a ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa, alhali ga ni a zaune kusa da randa. Ƙannena yana wasa da su, yana ɗora su a keke ya kai su kallon jirgi. Ni dai na taso na san cewa al'ada ce, amma can cikin raina na yanke cewa al'adar ta zo masa daidai ne, don dama bai damu da ni ba. Na haɗiye abin tuntuni, na ci gaba da harkokina.

To ga mu yanzu mu biyu a gida ɗaya, ba Iya a tsakani. Da rana ba laifi, ina wurin aiki, shi kuma ya sami tsofaffi a gindin dalbejiyar masallaci. Matsalar daga magariba take farawa. Ya dawo daga salla, ya tsaya a ƙofar falo ya ƙanƙance ido, ya wuce ɗaki ya zauna a bakin gado cikin duhu. Can nake kai masa tuwo. Jakarsa kuwa tana nan a bayan ƙofa yadda na ajiye ta ranar da muka zo, in ya ciro riga aka wanke sai ya ninke ya mayar. Durowar da na saya masa ko buɗe ta bai yi ba. Na yi miyar kuka da bandar kifi irin ta Iya, na kunna turaren wuta, na sauya masa katifa. Kwana goma ana haka, raina ya ɓaci, na tsaya a bakin ƙofarsa na tambaye shi me aka yi masa a gidan nan. Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Hasken ya yi yawa," ya ce.

Shi ke nan. Wallahi har wani sanyi na ji, don in dai haske ne ai abin saye ne a kasuwa.

Washegari na nufi shagon Akudo. Akudo tana sayar da kayan wuta a bakin babbar kasuwa, kuma tare muka yi firamare a Nguru, ubanta akawun reluwe ne, gidajenmu layi ɗaya. Hausarta ta fi tawa, zaginta ma ya fi nawa. Da na gaya mata abin da ke tafe da ni sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce dama ranar da ta fara shiga falona ta ɗauka za a yi mata tiyata ne. Ta ce farin ƙwai na ofis ne da asibiti, gida kuwa ana sa mai ruwan ɗorawa, mai laushi a ido. Ta jona min kala uku a jikin katako ta ce in zaɓa. Ni duk ɗaya na gan su, kamar shayi ne wani ya fi wani madara. Ta zaɓa min na tsakiya, na sayi shida.

Daren farko Baba ya shigo ya zauna a kujera, na ji kamar in yi guɗa. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, na fara ba shi labarin wurin aiki. Ya kalli silin, ya kalli ƙofa, ya kalli carbinsa. Minti biyar bai cika ba ya miƙe, ya ce a tashi lafiya.

Na koma wa Akudo. Ta ce to a rage yawan ƙwayayen, a sa makunni mai murɗawa wanda ake rage ƙarfin wuta da shi. Aka sa. Baba ya murɗa shi sama, ya murɗa shi ƙasa, ya jinjina kai irin na wanda ya san aikin fitila, ya ce masu ƙirar sun yi ƙoƙari, ya shige ɗaki. Na sake komawa. Wannan karon laifina ne, don Akudo ta hana ni na ƙi ji. Na ga wata igiyar fitila da ake mannawa a gefen silin, mai rimot, tana yin shuɗi ta yi kore ta yi ja. Na ce ai a waya na ga masu kuɗin Abuja suna sa ta don hutun rai. Baba ya shigo ya tarar da falon ya koma shuɗi, ya tsaya, ya tambayi bango ko shagon aski za a buɗe. Na cire ta a daren, na cusa a kwali, har yau tana saman firij. Daga nan na sayi fitilar bango mai hula, sannan wata doguwa mai tsayuwa a lungu kamar sandar makiyayi. Duk wadda na kawo sai ya duba ta da kyau, ya yaba, ya wuce.

Ana saura kwana uku wata ya cika, ya ce a gaya wa direban da ya kawo shi ya zo ranar Asabar da safe. Ni yake gaya wa, amma "a gaya wa" ya ce, kamar akwai wani a gidan bayan ni. Na ce to. Na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke, ina hawaye ina masifa ni kaɗai. Na ce ashe ba haske ba ne, ni ce ba ya son gani. In haka ne sai ya faɗa, ba sai ya sa na kwashe rabin shagon Akudo ba.

Ranar Alhamis na ɗauki hutu na shiga motar Nguru, don in sa a share gidan a cika randuna kafin ya koma. Tun daga Jajimaji na fara jin abin nan da nake ji duk lokacin da na doshi gida. Da muka shiga gari ƙamshin bandar kifi ya tare ni daga kasuwa, na hau keke mai ƙafa uku na ce a bi da ni ta tasha, ko da yake ba hanya ba ce. Ciyawa ta ci dogon, awaki suna kwance a inda muke tsayawa da kwanon gyaɗa. Ƙarfen da Baba ke hawa ya kunna fitila yana nan, ba gilas a kansa. Da muna yara, in muka hango jan hasken nan daga ƙofar gida sai Iya ta ce a sauke tuwo, malam ya kusa dawowa. Mai keken ya ga ina ta kallo, ya tambaye ni ko in sauka ne, na ce ya ja mu tafi.

Ina cikin shara a ɗakin Iya sai ga Ya Shuhada ta shigo da sandarta. Ita ce aminiyar Iya tun suna amare, katangarmu ɗaya, kuma ita ta fara leƙowa ranar da Baba ya faɗi. Ta yi min gaisuwar wushe wushe, ta zauna a kan turmi, ta ce ta ji wai tsohon zai dawo, me na yi masa? Abin da nake jira ke nan. Na zazzage mata komai, tun daga ƙwayaye shida har igiya mai rimot. Na ce mata ni na gaji, mutum ya haife ka amma zama da kai a ɗaki ɗaya ya gagare shi.

Ba ta ba ni haƙuri ba. Tambayata ta yi a ina nake rataye fitilun, na ce a sama mana, ina ake sa fitila? Sai kujerun, ta ce yaya suke? Na ce suna kallon juna, kamar na kowa. Ta tafa hannu ta ce ita dai ba ta ga amfanin bokon da na yi ba. Ta nuna tsakiyar ɗakin da sandarta, inda simintin ya yi wani baƙin zagaye da shara ba ta fitar da shi, ta ce in gaya mata mene ne wannan.

Na sani mana. Nan Iya take ajiye fitilar ƙwai kullum bayan magariba, a ƙasa, ba a kan teburi ba, ba a ƙusa ba. Ni kuma wurina a tabarma yana tsakanin fitilar da bango, na ba bango baya, ina karatu ko tsintar wake. In na matsa wani wuri sai Iya ta ce in koma wurina, ban taɓa tambayar dalili ba. Baba yana gefe a kan buzunsa, ya karkata ya fuskanci bango, ya ba mu rabin baya. A haka yake hira, ya ba da labarin direbobin jirgi da fatake da shekarar da ruwa ya cinye dogo, yana yi yana ɗaga hannu yana korar sauro. Mutumin nan ko da sanyi, lokacin da ba sauro ko ɗaya a Nguru, sai ka ga hannunsa a sama. Har dariya muke masa a ɓoye ni da ƙannena.

"To da kike ganin ya juya wa mutane baya," in ji Ya Shuhada, "kina tsammanin bango yake kallo? Inuwarki yake kallo, sakarya. Uwarki ce ta gano dabarar tun kina jaririya."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce ba zai iya kallona ba, amma ba wanda ya hana shi kallon bango. Ta ce a bangon nan ya ga na fara zama, a nan ya ga kitsona na fari. Ta tambaye ni wa ya gane ba na gani sosai ina aji huɗu, na ce Iya. Ta ce Hamsatu, wato Iya, Allah ya jiƙanta, ba ta lura ba sam. Shi ne ya ga inuwar littafi tana haɗewa da inuwar hancina, ya kwana uku yana dubawa, sannan ya ce wa Iya ta shirya yarinyar nan a kai ta Kano a auna idonta. Na tuna tafiyar, na tuna tabarau na farko mai baƙin kewaye, na tuna shi a can ƙarshen tarago yana kallon taga har muka isa. Ta ce yanzu na ɗauki mutum na zaunar da shi gaba da gaba da ni, na sako haske daga sama ta ko'ina, ba inuwa ba lungu, ina zai sa idonsa?

Sai kuka ya ƙwace min. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na kuma ji kewar Iya irin wadda ban ji ba ko ranar da aka fita da ita. Ya Shuhada ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in duba ƙarƙashin gado. Fitilar tana can a cikin tsohon kwando, gilashin ya tsage an ɗaure shi da siririyar waya, ɗaurin Baba ne, na san hannunsa. Ban cika randunan ba. Na rufe gidan na kama hanyar tashar mota.

Ranar Juma'a da safe na dire wa Akudo fitilar a kan teburin shagonta. Ta ɗaga ta ta juya, ta ce irin ta gidansu ce sak, har ta ji warin kananzir a hancinta. Na ce hayaƙi ba zai yi wa ƙirjin Baba daɗi ba, ko akwai dabara? Ta zare lagwanin, ta zura siririyar waya ta ramin, ta ɗaura wani ɗan mitsitsin ƙwai mai ruwan zuma a gurbin harshen wutar, ta haɗa shi da ƙaramin batir a cikin tankin man. Da ta kunna sai da muka rufe ƙofar shagon muka duba. Ta ce wannan ai ko kuɗi ba za ka ƙirga da shi ba. Na ce ba ƙirga za a yi ba. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna, ta ce in gaishe da Baba Mai Fitila.

Kafin ya dawo daga sallar magariba na ja kujerun na kai su lungu, har na fasa farce. Na shimfiɗa tabarma, na ɗauko buzunsa na ajiye a gefe, na karkata shi wajen bango. Na kashe duk abin da ke sama. Na ajiye fitilar a ƙasa a tsakiyar falo, na zauna tsakaninta da bango da farantin wake a cinya. Jakarsa tana bayan ƙofa, ya riga ya ɗora hularsa ta tafiya a kai.

Na ji sallamarsa, na amsa ban ɗago ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Na ji ya cire takalmi, na ji ƙarar gwiwarsa da ya durƙusa, sannan ya zauna a kan buzun. Ni kuwa na ci gaba da tsintar wake a faranti. Can ya miƙa hannu ya ja fitilar baya kamar taki ɗaya, ya ɗan juya ta yadda tsagin gilashin ya koma ɗaya gefen. Ya ce a nan take zama.

Daga nan ya fara. Ya ce wanda ya ɗaura ƙwan nan ya san aiki, na ce Akudo ce, 'yar akawu. Ya ce ai uban ma haka yake, rubutunsa kamar na inji. Ya shiga labarin ranar da akawun ya rufe kansa a ofis da makulli a waje, ya wuce zuwa shekarar ruwa, labarin da na ji ya fi sau ɗari. Muryarsa ta saki, har da 'yar dariyar nan tasa ta hanci da ban ji ba tun rasuwar Iya. Aka kira isha ya je ya dawo, bai wuce ɗaki ba, ya koma kan buzun. Na kawo tuwo ya ci a nan.

"An rame," ya ce wa bangon. "Aikin ne?"

Na ce aikin ne, Baba. Ya ce a dinga cin abinci. Ya ɗan ja carbi, sannan ya ce rediyonsa yana Nguru a kan taga, da bargonsa mai kauri. Tun da direban zai zo gobe, a ba shi makulli ya je ya taho da su.

Na ce to. Na ɗago kaina kaɗan don hawayen su koma, idona ya sauka a kan talabijin da ke gabana a kashe. Baƙin gilashinta ya ɗauko bangon da ke bayana gaba ɗaya. Ga inuwata, ƙatuwa, da ɗaurin ɗankwalina. Ga ta Baba a gefe. Ina kallo ya ɗaga hannu sama yadda ya saba, can nesa da ni, a cikin iska. A jikin bango kuwa inuwar hannun ta sauka a kan inuwar kaina, ta shafa a hankali, ta koma ta sake shafawa.

Tagogin gidan nan duk da raga, ni na sa aka buga, kuma na fesa magani da la'asar.

"Sauro ne, Baba?" na ce.

"Sauro ne," ya ce.

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar waken da na riga na gama tsincewa, ban matsa daga wurina ba.